Amsoshin Tambayoyinku: In Gyara Kekena da Kaina ko In Kai wa Mai Gyara?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan keke ne, kuma kusan duk magana ɗaya ce, kowa da yadda ya juya ta: wane gyara mutum zai yi da hannunsa, wane kuma zai bar wa masu sana'ar? Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, da keke nake zuwa makaranta. Mako ba ya fita ban je wajen mai faci ba, har abin ya fara cinye ɗan abin da ake ba ni. Zan iya koyon facin da kaina?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗana. Duk mai hawa keke ya kamata ya iya faci, don taya ba ta jiran ka zo kusa da mai gyara kafin ta sace. Kayan aikin ba su da yawa: famfo, faci, sholisho, ɗan guntun sanfefa, sifana mai lamba 15 in noti ne ke riƙe da ƙafar, sai ƙarafa biyu masu dakusasshen baki na banɓaro taya. Kada ka sa sukudireba, zai ƙara maka huda kafin ka fito da tif ɗin, wato robar ciki mai riƙe iska.

Ka ciro tif, ka ba shi iska, ka tsoma a ruwa kana juyawa har ka ga inda kumfa ke tasowa. Ka tsane wurin ya bushe sarai, ka goge da sanfefa, ka shafa sholisho sama-sama, faɗinsa ya ɗara na facin. A nan ne masu koyo ke faɗuwa, saboda gaggawa. Sholisho sai ya sha iska kamar minti 5, ya daina sheƙi, sannan a ɗora faci a danne da ƙarfi. Wanda ya manna shi a jiƙe, da safe zai tarar da tayarsa a ƙasa.

Amma abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne wannan kowane mako. Lafiyayyar taya ba ta haka. Kafin ka mayar da tif, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali. Sau da yawa ƙaya ko tsinken waya ko ɓarin kwalba na nan maƙale, an yi faci an bar mai laifin a ciki. Ka kuma dubi kamannin hudar. In biyu ne a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami bakin rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, ya cije tif. In kuma ta ciki ce, wajen da ke kallon wayoyin ƙafa, to robar da ake shimfiɗawa a kan kawunan wayoyin ce ta cinye ko ta goce. Yawan iskar da taya ke so a rubuce yake a gefenta, ka duba.

Tambaya: Malam, birkina yana ƙara in na matsa. Abokina ya ce in ɗiga masa baƙin mai.

Amsa: Kada ka kuskura. Ban san yadda mutum zai ba abokinsa irin wannan shawara ba. Birki da gogayya yake aiki, ka sa masa mai ka kashe shi. Ƙara za ta tafi, tsayawa ma ta bi ta. Ka wanke gefen rim, ka dubi robar birkin, in layukan jikinta sun shafe ka canza. In birkinka irin mai faifai ne kuma man ya riga ya taɓa takalmin birkin, sai dai sabo. Baƙin mai ko a sarƙa ban yarda da shi ba, cike yake da garin ƙarfe, ga tara ƙura.

Tambaya: Malam, na so in canza feda. Ta dama ta fita lafiya, ta hagu na yi ta fama har na zura bututu a sifana na hau kai. Yanzu ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Amsa: Ɗan'uwa, duk wannan ƙarfin ɗaure ta kake yi. Haƙoran fedar hagu a juye aka yi su, da gangan, don kada ta kwance kana cikin tafiya. Ta dama tana kwancewa yadda kowane noti ke kwancewa, ta hagu kuwa sai ka murɗa ta inda hannun agogo ke bi. Shi ya sa ake buga harafin L da R a gindinsu. Yanzu ka dakata haka nan, ka kai wa mai gyara, domin in hannun fedar na alminiyam ne, ƙila ka riga ka cinye haƙoran cikinsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk notin da ya ƙi motsi a keke, ka tambaya kafin ka ƙara ƙarfi.

Tambaya: Malam, na gaji da masu gyara. Na yanke shawarar in sayi akwatin kayan aiki cikakke in riƙa yin komai a gida. Na kuma ga sarƙa da wayar birki da takalmin birki masu sunan kamfanin Shimano a ƙasa da rabin kuɗin da na sani. In kwasa?

Amsa: Kada ka kwasa, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a harkar keke gaba ɗaya.

Ka tambayi kanka: me zai sa mutum ya saro kaya na gaske ya sayar maka a ƙasa da rabin kuɗinsa? Ɗan kasuwa ba ya fitowa don ya yi asara. Manyan sunaye irin su Shimano da KMC su ne masu jabu suka fi sata, saboda sun san sunan kaɗai ya ishe ka ka rufe ido ka biya. Kuma mai gyara a gida shi ya fi kowa faɗawa wannan tarko. Mai sana'a kullum hannunsa na cikin kayan nan, da ya ɗaga sarƙa ya murza ta ya san ta. Kai kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara kake saya, kwali kawai kake gani.

Na taɓa sayen wayar birki irin wannan, kwali mai kyau, suna a jiki. Na ɗaura, na matsa hannun birki da ƙarfi don gwaji, keken na tsaye a tsakar gida. Sai na ji ƙas, hannun ya tafi har ya taɓa kan keke, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa. Ɗan dunƙulen ƙarfen da ke ƙarshen wayar ne ya zare ya faɗo ƙasa, silin wayar suka baje kamar bakin tsintsiya. Na daɗe ina kallonsa a tafin hannuna, ɗan abu bai kai ƙwayar tasbaha ba. Da a gangare ya zare, da mota a gabana, ban san labarin da za a ba iyalina ba. Tun ranar duk wayar da na ɗaura sai na matse ta iya ƙarfina sau da yawa kafin in hau.

Jabun takalmin birki robarsa tauri gare ta kamar filastik, tana zamewa a kan rim, in ruwa ya taɓa ta kuwa babu birki sam. Jabun sarƙa ita ba ta kashe ka nan take, aljihunka take ci a hankali. Ƙarfenta mai laushi ne, fil-fil ɗin cikinta suna cinyewa da wuri sai ta ƙara tsawo, in ta ƙara tsawo kuma sai ta riƙa sassaƙe haƙoran giya har su yi tsini. Ka je neman sauƙin sarƙa ɗaya, ka dawo kana sayen giyar baya da ta gaba. Araha ba ta ado. Kuma za ka iya auna wannan da kanka. Daga fil zuwa fil rabin inci ne a kowace sarƙar keke, don haka in ka ɗora ma'auni a tsakiyar fil ɗaya, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wani fil in sarƙar sabuwa ce. In fil ɗin ya wuce alamar da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza sarƙa. In ya kai kashi ɗaya cikin 8, to giyar ma ta riga ta tafi.

Yadda za ka rage haɗarin: ka dubi rubutun kwali, jabu yakan zo da haruffa masu dishi-dishi ko kuskuren rubutu. Ka dubi tambarin da aka buga a jikin ƙarfen, na gaske yana fita tsaf. Ka saya a wurin wanda za ka iya komawa gobe ka same shi. Sannan, ka riƙe wannan da kyau, gara kaya mai ƙaramin suna na gaskiya da mai babban suna na ƙarya. Na farkon akwai kamfanin da ke tsoron zubar da mutuncinsa, na biyun babu wanda za a kama.

Ko na gasken ma sai ka san girma. Ka riƙa tafiya da tsohon kayan a hannu. Sarƙar keke mai giya ɗaya ta fi ta mai giya da yawa faɗi, ba sa maye gurbin juna. Taya kuwa akwai iri biyu da duk ake kira 28, amma ɗaya za ka ga 635 a gefenta, ɗaya 622, kuma wannan ba ta hawa rim ɗin waccan ko me za ka yi.

Batun akwatin kayan aiki, wannan ɓarnar kuɗi ce. Rabin abin da ke ciki ba za ka taɓa shi ba har ya yi tsatsa, kuma irin mai arhar nan sifanarsa ke buɗe baki ta murje maka kan noti. Ka sayi alinki, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake zurawa a kan noti, masu lamba 4 da 5 da 6, sifana 8 da 10 da 15, filaya ɗaya, famfo mai kyau. Sauran ka saya ranar da aiki ya nema.

Ban ce masu gyara duk tsarkaka ba ne. Akwai mai karɓar kuɗin na gaske ya ɗaura maka jabu. Maganinsa ka ce a nuna maka kayan a kwalinsa kafin a ɗaura, a kuma ba ka tsohon da aka cire. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ɓata rai, ka canza shi, ba sana'ar gaba ɗaya za ka yi wa fushi ba.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 12, kullum yana kwance kekensa yana ɗaurawa. Ni ban san komai a keke ba, duk sanda ya fita zuciyata a tsinke take. In hana shi?

Amsa: Allah sarki, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, tsoronki na uwa ne kuma yana kan hanya. Amma kada ki hana shi. Yaron da ke son sanin yadda abu ke aiki, baiwa ce Allah ya ba shi. Ki bar masa faci, wanki, sa wa sarƙa mai da gyaran sirdi. Abin da za ki gindaya masa shi ne birki da ƙafar gaba, in ya taɓa su sai babba ya duba kafin ya hau.

Ke ma akwai abin da za ki iya, ba sai kin san sunan ko noti ɗaya ba. Ki matsa birkin ki tura keken gaba, ya kamata ya cije, kuma hannun birkin kada ya kai ga taɓa kan keke. Ki ɗaga ƙafar gaba ki girgiza ta gefe da gefe, in kin ji kwal-kwal akwai abin da ya saki. Ki matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinki ki gwada murɗa kan, in ya juya ƙafar na tsaye, to ba a fita da keken nan. Yara kuma suna son ɗaga sirdi sama. Akwai layi a jikin sandar sirdin, kada ki bari a gan shi a waje. Sau ɗaya ko biyu a shekara a kai wa mai gyara ya duba boris ya sa giris, yaron ya tsaya a gefe yana kallo. Allah ya raya miki shi, ya tsare.

Tambaya: Malam, ƙafar bayana ta karkace tana gogar birki, kuma na ga ɗan tsagewa a ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba. Ni dattijo ne, keken nan ya daɗe a hannuna, ba na son rabuwa da shi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙafar baya a kai wa mai gyara. Wayoyin nan 32 ko 36 kowace tana jan 'yar'uwarta, a ɗaure ɗaya sai wata ta saki, wanda bai saba ba garin neman gira zai rasa ido. Aiki ne na gwani kuma ba ya ɗaukar lokaci a hannunsa. Tsagewar ita ce ta tayar mini da hankali. Don Allah, Baba, kada a sake hawa keken nan sai an duba. In wannan ƙarfe ya karye, da fuska mutum ke sauka. Shi kaɗai ake canzawa, ba sai an rabu da keken ba. Kada a yarda a liƙe shi da walda a ce ya yi, balle in na alminiyam ne, wanda zafin walda ke raunana shi.

Tambaya: Malam, batirin kekena mai lantarki ya daina riƙe caji. Na ga ana buɗewa a canza ƙwayoyin ciki. In gwada?

Amsa: A'a. Batirin litiyam in waya ta taɓa waya ko ƙwaya ɗaya ta huje, wuta yake kamawa, irin mai wuyar kashewa. Ka kai wa wanda ya koyi aikin, ko ka sayi sabo daga masu keken. Caja ma ka tsaya a kan wadda ta zo da shi, kada ka bar shi a jone ka kwanta barci. In ka ga ya kumbura ko yana wari, ka fitar da shi daga ɗaki yau ɗin nan, ka ajiye shi nesa da duk abin da wuta ke ci.