Tambaya da Amsa: Wai da me likitoci suke toshe jijiyar jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, yayata ce aka gano tana da ƙari a mahaifa, jini yana ta zuba har ta rame, sai likita yace ba lallai a yanka ba, za a iya toshe jijiyar da ke kai wa ƙarin jini ya motse da kanshi. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi, da me ake toshewa, kuma abun zai zauna a jikinta kenan har abada? Daga 'yar'uwarku a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Aikin ba sabo bane, tun 1995 wani likita a Faransa, Ravina, ya wallafa yadda suka yi wa mata shi. Siririn tiyo ake zurawa ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, ana kallo a hoton eksire har a kai jijiyar mahaifa, sai a tura wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi na roba, kowace ba ta kai milimita 1 ba, su cushe hanyar, ƙarin ya rasa jini ya riƙa motsewa cikin watanni. Eh ƙwayoyin suna zama a wurin, amma an yi su ne yadda jiki ba zai yi faɗa da su ba.

Akwai wasu kayan kuma, kowanne da inda yake aiki. Akwai soson gelatin da jiki ke shanyewa cikin makonni, shi ake yawan sawa idan mace tana zubar jini bayan haihuwa. Akwai zaren ƙarfen filatinom da ake naɗewa cikin jijiyar ƙwaƙwalwa da ta kumbura, akwai gam ɗan'uwan sufa gulu, sai Onyx, ruwa ne da ke daskarewa in ya haɗu da jini, an zuba masa garin wani ƙarfe mai suna tantalom don a riƙa ganinsa a hoto.

Inda masu bincike suke fama yanzu shine kowanne da matsalarsa, gam yana iya kama tiyon kanshi, zaren ƙarfe kuma sai jinin mutum yana iya daskarewa sosai sannan yake toshewa da kyau. Shi yasa aka ƙirƙiro wani haɗi na gelatin da garin yumɓu mai tsananin laushi, kamar man goge baki yake, in an matsa ya gudana, in an saki ya tsaya cak. Ni wannan ɗin ne yafi burge ni gaskiya.

Amma don Allah ku tambayi likitan abu biyu kafin ku sa hannu. Za ta yi ciwon mara mai ƙarfi a kwanakin farko, wane maganin ciwo aka tanada? Sannan in yayar taki tana son ƙara haihuwa ta faɗa masa ƙarara, don a irin wannan hali likitoci da yawa sun fi son a yanke ƙarin a bar mahaifar.