Jini bayan kwanciyar aure: haramun ne likita namiji ya duba ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Mai ɗakina tana ganin jini duk lokacin da muka sadu, yau wajen wata biyar, kuma ba na al'ada ba ne. Haihuwarta shida. Daga asibitin unguwa aka tura mu asibitin uwa da yaro nan Tahoua, amma da ta ji namiji ne zai duba ta sai ta zura hijabinta ta fito. Innata ta goya mata baya, wai gara ta mutu da mutuncinta, aka sawo mata maganin sanyi. Hankalina bai kwanta ba, kuma ina tsoron saɓa wa Allah.
Wani magidanci, Tahoua

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku koma cikin satin nan. Jinin nan yana iya zama na ƙwayar cuta, ko ɗan tsiro a bakin mahaifa da ake cirewa cikin sauƙi. Yana kuma iya zama sankarar bakin mahaifa, wadda ita da ta mama ke kan gaba a sankarar mata a Nijar. Ba mai iya rarrabe su daga bayan hijabi, sai an gani da ido. Dubawar ta 'yan mintoci ce: ta kwanta da zanenta a rufe, a sa ƙarfen awo, a shafa ruwan kal a bakin mahaifa, inda ya soma lalacewa sai ya yi fari. Cutar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana ginuwa, shiru, ba ciwo. In an kama ta tun ba ta zama sankara ba, ƙone wurin kawai ake yi, mace ta koma gida ranar.

Sai maganar Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, wadda ita ce nake sha kullum a ɗakin awo. Wa ya ce muku wannan kunyar addini ce? Suturta al'aura wajibi ne, ga Suratun Nur aya ta 30 da 31, ba mai musu. Amma Risala da muka karanta a zaure tun muna yara, babin abin da ke wajabta alwala da wanka ya kira maniyyi da maziyyi da jinin haila da sunansu, har kamanninsu ya faɗa. Ummu Sulaim ta tsaya gaban Annabi (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, ta tambayi hukuncin macen da ta yi mafarki. Faɗimatu bint Abi Hubaish ta kai masa maganar jinin da ya ƙi ɗauke mata. Nana A'isha ta yabi matan Ansar don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Mu kuwa mun kai inda mace za ta shekara tana wanke tsumma da dare, tana shanya shi bayan ɗaki don kada kishiya ta gani, a ce wai ita ce mai tsoron Allah. Ranar da za a kawo mana ita a kwance cikin mota, wari ya riga ta shiga ɗaki, kuma a lokacin ba mai tambaya ko likitan namiji ne.

Malamai sun gama wannan magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera: likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko ba Musulma ba, in babu sai namiji. Ya buɗe gwargwadon larura kawai, kuma da miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace a wurin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam.

Abin da ke ƙona mini rai, mai maganin nan na bakin kasuwa yana zazzaga batsa ta lasifika, yara na wucewa, dattawa na murmushi, ba wanda ya ce haramun. Shi ne ya sayar muku da "maganin sanyi", don a wurinsa kowane ciwon mace sanyi ne. In da na matsi a ciki, ta daina yau. Garin da ake cusawa yana ƙona fatar wurin, ya ƙara jinin, ya kuma rikita mana abin da za mu gani.

Ka raka ta da kanka, kada ka haɗa ta da yaro a kabo-kabo. Ka nemi ungozoma mace, wannan awon suna yin sa, kuma haƙƙinku ne ku tambaya. In ta ce sai likita ya gani, ka shiga tare da ita. Ku dakata da kwanciya kwana biyu kafin zuwa, kuma a zaɓi ranar da ba ta al'ada. In an yanki ɗan nama don bincike, ko aka tura ku Yamai, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ko cibiyar yaƙi da sankara, kada a tsaya sai an sayar da rago bayan Sallah. Inna kuma kada ka yi jayayya da ita. Ka roƙi limamin da take jin maganarsa ya zo gaishe ta.