Birkin faifai na keken hawan dutse: na waya ko na mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jos. Na sayi keken hawan dutse na hannu mai giya 21, birkinsa na faifai ne mai aiki da waya, babu sunan kamfani a jikinsa. Faifan gaba da na baya duk an rubuta 160. Nauyina kilo 85. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba laifi, amma in na gangaro daga wajen duwatsun Shere sai na matse hannun birki ya kusa taɓa mariƙi kafin ya kama, yatsuna su yi tsami, ga ƙara mai cika kunne. Kuɗina ba su da yawa. In sayi wani na waya mai kyau ne, ko in koma na mai? Mai gyaran keken unguwarmu ya ce in na mai ne, zai riƙa zuba mini man birkin mota.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ga mutum mai kilo 85 da ke gangaren dutse, na mai ya fi, matuƙar na sanannen kamfani ne kuma kana da hanyar samun mansa. In babu wannan hanyar, na waya mai kyau ya fi maka kwanciyar hankali. Wanda ba za mu ba ka shawararsa ba sam shi ne na mai maras suna da ake karyar da farashinsa, domin ranar da robar cikinsa ta fara yoyo ba ka da abin canji, sai dai ka jefar. Maganar man mota kuwa, dakatar da mai gyaran tukuna, za mu zo kanta.

Amma kafin ka ciro ko sisi, ka san abin da ke damun wanda ke jikin keken. Yawancin birkin waya mai arha gefe ɗaya ne ke motsi. A cikin kalifa, wato gidan da faifai ke ratsawa, akwai takalman birki biyu, waɗanda makanikai ke ce wa fad. In ka ja waya, na waje ne kaɗai ke matsowa, ya tura faifan ya ɗan lanƙwasa har ya jingina da na ciki, wanda ke tsaye wuri ɗaya. Kullum fad yana cinyewa, tazara tana ƙaruwa, kuma babu abin da ke rage ta sai hannun mutum. Shi ya sa hannun birkinka ke tafiya mai nisa kafin ya kama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a je bakin hannun birki a yi ta murza ɗan notin nan da ke ƙara wa waya tauri. Hakan yana jawo ɗan ƙarfen da waya ke ja a jikin kalifa ya wuce inda yake da ƙarfi, sai ka ji hannun ya yi tauri amma keken bai tsaya ba. Gyaran a bayan kalifa yake, ta ɓangaren da ke kallon tsakiyar ƙafa. Za ka ga rami na alanki, galibi mai lamba 5, ko wani ɗan murfi da ake juyawa da yatsa. Murza shi kaɗan-kaɗan har fad ɗin ciki ya matso dab da faifai, tazarar ba ta fi kaurin katin waya ba, ƙafa kuma tana juyawa ba gurza. Sannan ka sassauta waya, ka mayar da ɗan ƙarfen mazauninsa, ka ja wayar ta miƙe ka ɗaure.

Ita ma wayar ka dube ta. Ƙurar hunturu tana shiga rigar waya ta haɗu da tsatsar damina, rabin ƙarfin yatsunka ya ƙare a can kafin ya isa ƙafar baya. Sabuwar waya mai santsi da riga mai tauri wadda ba ta matsewa in an ja, su kaɗai suna iya canja birki ka rantse sabo aka sa. Ƙarar kuma, sau da yawa mai ne ya taɓa fad: man sarƙa da ya fantsama, ko maiƙon hannu. Goge faifai da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta. Fad ɗin da samansa ya yi ƙyalli kamar gilashi, a goga shi a kan samfefa a shimfiɗe har ƙyallin ya tafi. Wanda ya sha mai har ciki, babu wankin da zai cece shi, canja shi. In bayan duk wannan har yanzu yatsu na tsami a gangare, to lallai birkin ya kai iyakar ƙarfinsa.

Abin da na mai ya fi shi da shi abu biyu ne. Mai ba ya matsuwa kuma ba ya gurzar bangon tiyo kamar yadda waya ke gurzar rigarta, don haka abin da yatsa ya bayar kusan duka yake isa. Na biyu, fistan biyu ne ke matso faifai daga hagu da dama a tare, kuma robar da ke zagaye da kowane fistan tana barinsa ya ƙara fitowa da kansa gwargwadon cinyewar fad. Ba murje-murje kowane mako. Da yatsa ɗaya ko biyu kake riƙe birki, sauran suna kan mariƙi, kuma a kan tsakuwa da duwatsu wannan riƙon shi ne ke hana faɗuwa.

A cikin masu sauƙin kuɗi, Shimano MT200 shi ne wanda za mu nuna maka kai tsaye. Fistan biyu gare shi, ba shi da wani ado, amma yana da juriya, kuma fad ɗinsa, mai lamba B01S ko magadansa B03S da B05S, yana cikin waɗanda suka fi yawa a duniya. Tektro HD-M275 ma yana wannan sahu, kuma siffar fad ɗinsu ɗaya. Wannan batu na samun fad ba ƙarami ba ne, domin birkin da ba a samun takalminsa a kasuwa ajalinsa wata shida ne ko shekara. Ka lura da jabu: duba lambar samfuri a jikin kalifa da hannun birki, ka dubi tsabtar rubutun, kuma farashin da ya yi ƙasa fiye da kima ya sa ka ja baya.

Yanzu maganar mai. Birkin keke na mai iri biyu ne. Shimano da Tektro da Magura suna shan mai na ma'adini, wanda ake kira minaral. Da yawa daga cikin na SRAM da Avid kuma suna shan DOT 4 ko DOT 5.1, dangin na mota. Ana rubuta irin man a murfin ɗan tankin da ke jikin hannun birki. In aka zuba DOT a birkin minaral, robobin ciki za su kumbura su lalace, fistan ya maƙale ko ya fara yoyo, kuma zubar da man daga baya ba ya dawo da su. Haka in aka juya. DOT 5, wanda babu ɗigo ɗaya a bayansa, na silikon ne, ba ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Baƙin mai, man keken ɗinki, man jarirai, duk kada a gwada. Ranar da ka sayi birkin, ka haɗa da ƙaramar kwalbar mansa da ɗan mazurarin cire iska. Kwalba mai mililita 100 za ta yi maka cire iska fiye da sau ɗaya, kuma minaral ba ya jan ruwa daga iska kamar DOT, don haka yana ajiyuwa in an rufe shi da kyau. Ka kai wa mai gyaran da hannunka.

Sai abin da mutane ke mantawa har kaya su iso: shin zai hau keken? Ka ce giyarka 21 ce. Irin waɗannan kekuna da yawa hannun birki da abin canja giya a haɗe suke cikin gida ɗaya. In naka haka yake, ranar da ka cire hannun birkin waya ka cire na giya ke nan, dole ka sayi abin canja giya daban, mai uku na hagu da mai bakwai na dama. Saka wannan a lissafi tun yanzu, domin shi ne ke sa kasafin mutum ya fashe.

Dubi inda kalifa ke zama a fok, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, da jikin firam. In ƙusoshin biyu suna shiga ne kai tsaye cikin wasu ginshiƙai, tazararsu milimita 74, MT200 zai zauna kai tsaye a kan girman faifan da aka yi wurin dominsa. In kuwa kunnuwa biyu ne masu huda da ƙusa ke ratsawa ta gefe, tazararsu milimita 51, akwai adafta a tsakani. Wadda ke jikin keken yanzu galibi za ta yi aiki in ba ka canja girman faifai ba. Ta gaba da ta baya ba ɗaya ba ne, kada a musanya. Auna tsawon tiyo kuma: ana sayar da na gaba wajen milimita 1000, na baya wajen 1700. Tsawo ya fi gajarta, domin ana iya yankewa, amma duk yanka yana bukatar sabon ɗan zoben tagulla da ɗan bututun da ake cusawa a bakin tiyo. Tsohon zobe ba ya sake kamawa. Ka kuma tabbatar hannun da ka saba ja wa ƙafar gaba shi ne zai ci gaba da ja mata, don a gangare hannu ba ya tsayawa tunani.

Ga nauyinka, inda ɗan kuɗi ke yin aiki mai yawa shi ne faifan gaba. Daga faifai mai faɗin milimita 160 zuwa 180 ƙarin ƙarfin tsayawa ne na kusan kashi 12 cikin ɗari, ga ƙarin ƙarfen da zai ɗauki zafi. Ƙafar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, ta baya 160 ya ishe ta. Sharaɗi shi ne fok ɗinka ya yarda da 180, domin wasu masu arha an iyakance su, kuma kana bukatar adaftar da ta dace. Faifan da ke jiki, in mai ƙusa shida ne kuma bai karkace ba, yana iya ci gaba da aiki. Auna kaurinsa: ana buga mafi ƙarancin kauri a jikinsa, na Shimano milimita 1.5 ne, sabo kuma wajen 1.8. Fad kuma in namansa ya ragu zuwa rabin milimita, ya gama. Wasu faifai masu arha an rubuta a jikinsu cewa na fad ɗin resin ne kaɗai, wato mai laushi wanda aka haɗa da danƙo. Kada ka sa musu fad mai garin ƙarfe, zai cinye su da wuri. Resin ya fi shiru, sai dai taɓon damina mai yashi yana cinsa da sauri, don haka ajiye biyu a gida.

In lissafi bai kai ba, ko kana tafiye-tafiye zuwa ƙauyukan da waya da filaya kaɗai za ka samu, zauna a kan na waya amma mai kyau. Avid BB7 yana da abin murzawa na fad ɗin ciki da na waje daban-daban, ba sai da taɓa waya ba. TRP Spyke kuma fad biyun ne ke motsi tare, faifai ba ya lanƙwasa. Sai dai sababbinsu sukan kai ko su wuce kuɗin MT200, don haka ribarsu sauƙin gyara ce a ko'ina da kuma barin hannun birkinka da abin giya yadda suke. Ka tabbatar samfurin keken dutse ka saya, domin akwai na keken tsere da ke bukatar gajeren jan waya, in aka haɗa shi da hannunka zai yi tauri ba kamu. Akwai kuma 'yan tsakiya, waya ta ja kalifa mai ɗan mai a ciki. Suna rage ciwon yatsa kaɗan, amma gurzar waya tana nan, man kuma kaɗan ne, yana saurin ɗaukar zafi a dogon gangare.

Wajen ɗaurawa, sa ƙusoshin kalifa sako-sako, matse hannun birki ka riƙe, sannan ka ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, zuwa ma'aunin ɗauri 6 zuwa 8 na Nm in akwai abin aunawa. Saki ka juya ƙafa, ka leƙa ta sama da farar takarda a ƙasa don ka ga haske ta gefe biyu na faifai. Kada ka taɓa matse birkin mai alhali ƙafa na cire, fistan za su fito su haɗe. Cusa ɗan robar da ke zuwa da shi, ko kwali mai kauri. In hannun ya yi laushi kamar soso, kuma yana ƙara tauri in ka matsa sau uku a jere, iska ce a ciki, a cire ta kafin a hau dutse.

Sabon fad ba ya kamawa sosai sai an gasa shi. Nemi fili, ɗauki gudu matsakaici, ja birki ɗaya da ƙarfi har ka dawo saurin mai tafiya a ƙasa, ka saki ba tare da ka tsaya cak ba. Maimaita kamar sau 20 ga kowace ƙafa, za ka ji kamun yana ƙaruwa a hannunka. A gangaren Shere kuma kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Ja da ƙarfi, saki ya sha iska, sake ja. In ka sauka kada ka kai yatsa kan faifan, yana ƙuna.