Amsa ga angon da ke son kai amaryarsa tsibiri hutun amarci

Assalamu alaikum. Ƙanina mai tambaya daga Marwa ta Kamaru, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Na karanta bayaninka: biki a watan Afrilu, kana so kwana biyu da kai amarya ku tashi zuwa Maldibs, irin ɗakunan nan da ake kafawa a kan ruwa, kana tambayar ta ina za ka fara. Na ga wasu sun ce almubazzaranci ne, wasu sun ce ka sauka Kribi kawai, garin bakin teku na kudancin Kamaru. Ni ba zan hana ka ba, domin ni ma maigidana ya kai ni, daga nan Garwa muka tashi, kuma har yau in na tuna kwanakin nan zuciyata sanyi take yi. Amma zan yi maka magana da bakin amarya, tunda ita ba za ta iya faɗa maka ba, kunya ba za ta bar ta ba.

Kada ku tafi a makon biki. Yarinyar da ta sha kamu da ƙunshi da wuni da buɗar kai, ta yi kukan rabuwa da gida, ga zafin Marwa na Afrilu, ba jirgi take buƙata ba, barci take buƙata. Ga 'yan ganin ɗaki, ga zagayen gaida dangi. In ka ɗauke ta a lokacin, gwaggonninta ba za su manta maka ba, kuma a kanta maganar za ta ƙare. Mu wata uku muka yi kafin mu tafi. Lokacin na saba da shi, ina iya buɗe baki in ce wannan nake so, wancan ba na so. Sannan ka bar ta ta tsayar da ranakun da kanta. Mace ta san lissafinta, kuma ba ka so ka biya kuɗin mako guda a bakin teku ya faɗa a kwanakin da ba ta da sukuni.

Mu ma Maldibs muka fara nufa. Ƙasar musulmi ce, kuma biza a filin jirgi ake bayarwa kyauta ta kwana 30. Lissafi ne ya mayar da mu. Manyan otal ɗinsu kowanne tsibirinsa daban, to bayan kun sauka a Male, babban birninsu, sai kun sake biyan kwalekwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma wannan kuɗin sau da yawa ba ya cikin farashin da kake gani a waya. Jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa da rana kawai yake tashi, in kun iso da dare sai kun kwana kusa da filin jirgi. A kan kuɗin ɗaki akwai kashi 10 na hidima, ga harajin gwamnati, ga wani na muhalli da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare. Kuma tunda otal ɗin ne kaɗai a tsibirin, ko ruwan gora kake so, farashinsu za ka biya. Bugu da ƙari, daga Mayu iskar damina ke shigo musu har wajen Oktoba. Lokacinsu mai kyau Disamba zuwa Afrilu ne. In zuciyarka na can, ka haƙura sai ƙarshen shekara.

Sai muka koma Zanzibar ta Tanzaniya, kuma ita nake ba ka shawara. Ruwansu mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, wato daidai bikinka, amma daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, ga iska mai daɗi. Ka ga jinkirin da na ce ka yi ya zo daidai. Mu a Yuli muka je, muka bar Garwa cikin taɓo.

Hanya: jirgin saman kamfanin Ethiopian na tashi daga Duwala da Yawunde da Njamena zuwa Adis Ababa, daga can akwai jirgi zuwa Zanzibar. Kai da ke Marwa ka kwatanta kuɗin ta Njamena da na kudu. In ta kudu za ku bi, ku isa kwana ɗaya kafin ranar tashi, domin jirgin cikin gida yakan ɗaga lokaci, na waje kuwa ba ya jiran kowa. Mu jirgin ƙasa muka shiga daga Gaundare, muka kwana a ciki muka wayi gari a Yawunde.

Takardu kuwa ka fara yau. Fasfon amarya sefa 110,000, kuma sunan da ke jikinsa shi za a rubuta a tikiti harafi da harafi. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, dole ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, kuma sai allurar ta kwana 10 take aiki. Bizar yawon buɗe ido ta Tanzaniya dala 50 ce, ku nema ta intanet tun kuna gida. 'Yan'uwanmu na wannan zaure masu fasfon Chadi, Nijar ko Najeriya su lura, su ba a ba su a filin jirgi, sai an amince tun kafin su taso, kuma tana ɗaukar lokaci. Daga Oktoban 2024 Zanzibar ta ƙara inshorar dole ta dala 44 kan kowane baƙo. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Sefa kuma ba ta da amfani a can, ku canza yuro ko dala kafin ku fita. In otal ya yi maka alkawarin rangwamen sababbin aure, zai iya neman takardar aure, to in a masallaci kawai aka ɗaura, ka je mairi, wato ofishin magajin gari, a yi muku tata.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Hoton ɗaki ba shi ne ɗaki ba. Abu biyu za ka tambaya kafin ka tura ko sisi: ruwan wajen yana janyewa? Kuma wa ke iya ganin matarka?

Otal ɗinmu na farko a gabashin tsibirin yake, wajen Jambiyani. Da daddare muka isa, muna jin rurin teku kamar a ƙofar ɗaki. Da hantsi na ɗaura mayafi na fito da ɗokina, sai na tarar babu teku. Wallahi ruwan ya koma can nesa, sai wani farin layi nake hangowa, tsakanina da shi fili ne na jiƙaƙƙen rairayi da duwatsu masu kaifi. Mata na gani a tsugune cikin ɗan ruwan da ya rage, zannuwansu sun jiƙe har ƙugu, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyi da turaku, sana'arsu ke nan. Na tsaya ina kallonsu kamar matanmu masu shuka a bakin Binuwai in ruwa ya ja. Abin ya burge ni, amma ba shi muka biya ba. A gabas haka yake sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa da kusan awa guda. A arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, janyewar kaɗan ce, kuna iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, ga faɗuwar rana a kan teku. Sai dai can jama'a sun fi yawa, wasu wuraren kuma kiɗa har tsakar dare.

Na biyun ya fi ci mini rai. An ce mana ɗakin yana da tafkin wanka namu mu kaɗai. Gaskiya ne, amma katangarsa iya ƙirji ce, kuma hanyar ma'aikata ta gefensa ta bi. Kwana biyu ban sa ƙafa a ciki ba. Ban ce komai ba, shi ya lura da kansa, ya je ya yi magana, muka bar kuɗin dare ɗaya muka koma arewa. Can muka samu ɗaki mai katanga da ta fi tsayin mutum da ƙofa mai sakata. Ranar na cire ɗankwali, na shiga ruwa da lallena, iska na kaɗa ganyen kwakwa a samanmu, ba idon kowa. Duk tafiyar, wannan yammacin na fi riƙewa. Saboda haka ka sa su ɗauko maka bidiyo ta WhatsApp, mutum ya tsaya a bakin tafkin ya juya da waya ta kowace kusurwa. In sun ƙi, nemi wani wuri. Gara ƙaramin ɗaki mai sutura da katafaren da amarya za ta wuni a ƙunshe cikin hijabi. Ka saya mata kayan iyo masu rufe jiki tun daga gida, don shiga tekun kansa.

Ka rubuta musu tun da wuri cewa ku musulmi ne. Yawancin mutanen Zanzibar musulmi ne, amma otal ɗin Turawa yake yi wa hidima. Mu kwalbar giya muka tarar a kan gado an kewaye ta da furanni, wai barka da aure. Da aka sanar da su, lemon kwakwa da 'ya'yan itace suka riƙa kawowa. Tsarin nan na biya gaba ɗaya, ci da sha, kaso mai yawa na kuɗinsa na masu shan giya ne. Ku ɗauki na karin safe da abincin dare, ya ishe ku. A teburi ku riƙa tambayar abin da aka zuba a miya. Kifi da shinkafar kwakwa ba laifi, amma akwai wani abin teku mai hannuwa takwas da suke kira pweza, bakinmu na arewa sai a hankali. Ƙullin yajin da innata ta sa mini a jaka ya yi mana rana.

Salla: alƙibla a can arewa take, ba gabas ba, ku duba kafin ku tayar. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Kuma in direba ya ce zai zo "saa moja", ƙarfe 7 yake nufi, domin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ku riƙa nuna masa lambar a waya.

Kada ku kulle kanku a otal. Ku ba Stone Town kwana ɗaya, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa. Da magariba ku je Forodhani inda ake gashi a bakin ruwa. Ku je gonar kayan ƙamshi ta ga kanumfari da kirfa a jikin itacensu, ta sayo na tsaraba. Kunnenku zai riƙa tsintar kalmomi kamar na gida: dunia, sabuni, asubuhi, habari.

Kwana biyar ko shida sun isa. Mu tikiti ya ci kusan rabin abin da muka kashe, to shi za ka fara nema, wata biyu ko uku kafin tafiya. In kuwa ka lissafa ka ga sai ka ci bashi ko ka taɓa jarinka, ka ji maganar masu cewa Kribi. Ba tsibiri ba ne, amma teku ne na gaske, ga ruwan Lobe da ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikinsa, babu biza babu canji. Can ma tambayar katanga tana nan. In ka tsayar da otal biyu ko uku, turo hotunansu nan in duba maka, kuma ka nuna wa amarya kafin ka biya.