Gwajin MMP-9 zai iya tabbatar da farfaɗiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwajin sinadarin MMP-9 a jini zai nuna ƙaninka na da farfaɗiya. A'a, bai kai nan ba.

MMP-9 enzayim ne, wato sinadarin da ke hanzarta wani aiki a jiki, wanda ke sassaƙa mahaɗar ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa, ta ƙarfafa ko ta sauya siffa, kuma da haka muke koyo da tunawa. Idan aikinsa ya wuce kima, mahaɗun kan sāke ƙulluwa ta yadda farfaɗiya ke samun gindin zama. Sai dai shanyewar ɓarin jiki da kumburi ma suna ɗaga shi, shi ya sa har yanzu yana matakin bincike.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Bayanin wanda ya ga faɗuwar, da EEG (gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa) da MRI (hoton ƙwaƙwalwa), su ake dubawa. Don Allah idan yana shan magani, kada ya daina da kansa.