Karen da magunan maƙwabta suka hana sakat

Toh ɗana, na ji bayaninka. Ka ce karen da aka ba ka ka duba ya daina fita tsakar gida, da ya hango mage a kan katanga sai ya matse jela ya shige ƙarƙashin mota, har ya fara fitsari a cikin ɗaki, kuma kai a ganinka a ɗaure shi kusa da magen har ya gaji ya saba. Kar ka soma. Ni ma ina yaro na taɓa yin wannan ganganci da wani kwikwiyo, ya yi tsit na ɗauka na ci nasara, ashe sandarewa ya yi don tsoro, bayan kwana biyu ko kukan mage ya ji daga nesa sai karkarwa, sai da na kwashe watanni ina gyaran ɓarnar da na yi da hannuna.

Kafin komai ka duba jikinsa tukuna. Kare ba ya tsorata haka kawai, wataƙila an taɓa yakushinsa ne, kuma ka san wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ka duba hanci da kunne, musamman ido. In yana ƙanƙance ido ɗaya ko yana ta zubar da hawaye, a ranar za a kai shi wajen likitan dabbobi, don farcen mage kan karce gilashin ido kuma abin na saurin lalacewa. Ka shafa jikinsa ka ji ko akwai kumburi mai zafi, cizon mage ramin ƙarami ne sai ya rufe ta sama ya tara mugunya a ciki. Ka tambayi masu shi maganar allurar haukan kare ma.

Sai katanga. Duk horon da za ka yi da rana, in da magariba muzuru zai diro masa a ka yana cin abinci, aikin banza ka yi. Mage na tsallen da ya kai ninki biyar na tsayinta, shi ya sa katangar mita 1.8 ba komai ba ce a wajenta, ƙarin bulo ba zai hana ta ba, wurin kamawa za ka hana ta. Ka samo fayif ɗin roba mai inci 3 ko 4, ka zura shi a kan waya mai ƙarfi ko siririn rodi, ka ɗaure a saman katangar yadda zai riƙa juyawa, da ta kai hannu sai ya mirgine ta koma inda ta fito. Ko ka sa raga mai laushi a karkace wajen digiri 45 tana kallon ɓangaren da suke zuwa, amma wannan sai da yardar maƙwabcin tunda za ta leƙa wajensa. Fasassun kwalabe kuwa ban yarda da su ba, mage na takawa a tsakani ta wuce, mutum suke yanka. Kuma ka zagaya ka ga tsaninsu, reshen bishiya ne, rufin ɗakin janareto ne, ko tankin ruwa da ke jingine da bango, sau da yawa hanya ɗaya tak suke bi.

Ka kuma tambayi kanka me ke kawo su. Kwanon karen da ake bari da saura a waje, shara a buɗe, ɓeraye, da ƙasa mai laushi a wajen shuke-shuke inda suke tona su yi kashi. A ɗauke kwano da ya gama, a rufe shara, a baza tsakuwa ko a shimfiɗa wayar kaji a kan ƙasar. Akwai na'urar fesa ruwa da ke tashi in ta ga motsi, tana aiki sosai, sai dai ka kashe ta kafin karen ya fito kar ka ƙara masa wani tsoron. Ita kuwa mai ƙarar da kunnen mutum ba ya ji ka bar ta a shago, mu jinmu ya tsaya wajen hertz 20,000 (ma'aunin kaifin sauti ne), kare na kaiwa wajen 45,000, kenan wanda kake son taimako shi zai kwana da ƙarar. Ƙwayoyin kafur na cikin kaya guba ne ga su duka biyun, maganar saka guba ma kar na ji ta a bakinka, magen dabbar mutane ce, kuma karenka ne zai fara lashewa.

Yanzu shi kansa karen. Ka sa masa igiya, ba ja ba, a sake, ka riƙe 'yan gutsattsarin nama a aljihu, ka tsaya da shi can nesa inda yake hango magen amma bai rikice ba. Ta yaya za ka gane? Ka miƙa masa nama, in ya karɓa kuna daidai, in ya kau da kai yana lasar leɓe, yana hamma, kunne a kwance, farin ido a waje, toh kun matsa da yawa, ja da baya. Ya kalli mage ka ba shi, ya sake kallo ka ba shi, mage ta tafi nama ya ƙare. Minti biyar ya isa, sau biyu a rana, da kaɗan-kaɗan kake rage tazarar, ranar da ya kalle ta ya juyo ya kalle ka yana jiran rabonsa ka san ya fara kamawa.

Ka faɗa wa masu gidan su daina yi masa tsawa kan fitsarin nan, kuma kar su zuga shi wai ya bi magen ya zama jarumi, in ya koyi bi wata rigimar ce ta daban. Da asuba da magariba maguna suka fi yawo, a waɗannan lokuta wani ya fito tare da shi. Gobe ka je da tef ka auno min tsawon katangar, ka ɗauko hoton kusurwar da tankin yake, mu ga fayif nawa za mu yanka.