Tambaya da Amsa: Ɗalibi a Gidan Adana Kayan Fasaha da Tarihi

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga batun sanin makamar aiki, kasancewar lokacin fitar ɗalibai ya matso. Na zaɓi uku da suka shafi gidajen adana kayan fasaha da tarihi, domin a nan na yi mafi yawan shekarun aikina.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Bauchi, ina karatun zane da ƙira, kuma a zango mai zuwa za mu fita SIWES, wato shirin sanin makamar aiki na ɗalibai, na wata shida. Raina yana son gidan adana kayan tarihi, amma ƙawayena sun ce ɓata lokaci ne, wai ba abin da ake yi sai zaman jiran baƙi, gara in nemi shagon ɗab'i. Wane aiki ɗalibi yake yi a irin wannan wuri, kuma ina zan nema? Daga wata ɗaliba a unguwar Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙawayenki sun faɗi abin da idon mai ziyara yake gani, wato ɗakin nuni da akwatunan gilashi da ma'aikaci a kan kujera bakin ƙofa, alhali kuwa abin da ake fitarwa a nuna kaɗan ne daga abin da gidan yake riƙe da shi. Ragowar tana sito, kuma a sito ne da ɗakin rajista ainihin aikin yake. Don haka shawarata ta farko ita ce, ranar da kika kai takardarki, ki roƙi a haɗa ki da masu rajistar kaya da masu kula da lafiyarsu, kada ki yarda wata shidanki su ƙare a teburin karɓar baƙi.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa nake nanata rajista. A farkon aikina, a wani gida da ba zan ambata ba, aka sa ni buɗe wata tsohuwar akwati a sito. A cikinta na tarar da babbar riga ta saƙi mai aikin aska takwas, ɗinkin hannu da zaren tsamiya, irin wanda mai ɗinki kan shafe watanni yana duƙe a kansa. An naɗe ta naɗi ɗaya tsawon shekaru, har zaren ya karye a kan layin naɗin, asu kuma ya huda hammatar, garin kashinsa ya taru a gindin akwatin kamar tsaki. Na juya katin da ke ɗaure a wuyanta, ban ga komai ba sai kalma ɗaya: riga. Ba sunan garin da ta fito, ba wanda ya ɗinka, ba wanda ya sa ta, ba shekarar da aka kawo ta. Na tambaya aka ce mini dattijon da ya karɓo ta ya san duk wannan, amma ya rasu. Har yau ina jin zafin wannan katin fiye da hujin asun, domin huji ana iya tsayar da shi, labarin kuwa ya bi mai shi kabari.

Aikin da za a koya miki shi ne hana irin wannan. Kowane abu da ya shigo yana samun lambarsa ta dindindin, wadda galibi take nuna shekarar shigowa da jerin karɓa, sai a rubuta sunansa da harshen masu shi, da abin da aka yi shi da shi, da tsawo da faɗi, da inda aka samo shi da hannun wanda ya bayar, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska tare da ma'auni a gefe, a kuma bayyana duk wata tsaga ko tabo da ke jikinsa. Da fensir ake rubutu kusa da kaya, ba da biro ba, saboda tawada in ta ɗiga ba ta fita. Ba a ɗaukar tulu ta wuya ko tukunya ta baki, sai a tallabo gindi da hannu biyu, kuma kafin ki ɗaga abu sai kin share wurin da za ki ajiye shi. Kayan tagulla da azurfa sai da safar hannu, domin gumin yatsa yana cin ƙarfe, tsohuwar takarda kuwa hannu wankakke busasshe ya fi mata, tunda safa tana rage jin yatsa har a yaga gefe ba a sani ba.

Sai kuma yaƙi da yanayi, wanda a ƙasarmu ya fi na wurare da yawa wuya. Masana adana kaya suna son danshin iskar ɗaki ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, amma ke kin san Bauchi: a hunturu iska takan bushe har ƙwarya ta tsage, fatar gafaka ta yi tauri ta dare, ganga ta saki, a watan Agusta kuma danshi ya hau har fumfuna ta kama littafi da sirdi. Wannan hawa da sauka shi ne yake kashe itace da fata. Hasken rana yana cinye launin tufafi da zanen takarda, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa, shi ya sa za ki ga an rage fitila a ɗakin da aka rataye su. Gara tana bi ta bango, asu da kyankyaso suna bi ta akwati. Inda akwai tsayayyiyar wutar lantarki, akan rufe tufar da ƙwari suka kama a cikin leda a sa ta a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko fiye, inda babu kuwa sai yawan dubawa da shara da nisanta kaya daga ƙasa. Mai karatun zane irinki za ta ƙaru da wani abu kuma: tsara ɗakin nuni, zaɓen launin bango, tsayin da za a rataye zane, da rubuta bayani gajere da Hausa da Turanci wanda ɗan firamare zai karanta ya gane.

Game da inda za ki nema, gaskiya gidajen da suka keɓanta ga zanen zamani kaɗai ba su da yawa a Arewa. Hukumar tarayya mai kula da wannan fanni, wadda aka kafa a 1993, hedikwatarta tana Abuja, kuma a Legas akwai gidan zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019. Amma fasaharmu tana zaune ne a gidajen tarihi, waɗanda akasarinsu ke ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. A cikin garin Bauchi akwai gidan tarihi na jiha, akwai kuma hubbaren Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda aka ajiye wasu kayansa na amfanin yau da kullum. Idan iyayenki za su yarda ki yi nisa, ni Jos zan tura ki, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ne ya kafa gidan tarihin can a 1952, yana da kayan Nok, wato tsoffin siffofin yumɓu, da tarin tukwane daga sassan ƙasar nan da rubuce-rubucen Larabci, a harabarsa kuma akwai filin da aka sake gina samfurin gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Wanda ya gina ainihin masallacin nan, Babban Gwani Muhammadu Durugu, shi ne ya gina gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki, don haka ko a Jos kika yi aikin, ki samu wata Asabar ki je Kafin Madakin, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, ki ɗaga kai ki kalli ɗaurin gugan rufinsa da idonki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana ya samu gurbin sanin makamar aiki a gidan tarihi, amma hankalina bai kwanta ba. Na ji an ce gumaka ne cike da wurin, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci abinci da wannan sana'a ba. Ko in hana shi? Daga wani uba a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Hukuncin shari'a kan mutum-mutumi na malamai ne, kuma ina roƙonka ka kai musu tambayar tare da cikakken bayanin aikin, ni abin da na gani kawai zan faɗa maka. Gaskiya ne akwai siffofin mutane na yumɓu da na itace a wasu ɗakuna, kamar kayan Nok da shekarunsu suka haura 2,000, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, har ɗaya daga cikin kawunan ya yi aikin korar dabbobi a gonar doya kafin ya kai hannun Fagg a 1943. Ana ajiye su ne a matsayin shaidar mutanen da suka zauna a ƙasar nan kafin mu, ana auna su ana nazarinsu. Amma a ɗakunan da ke kusa akwai Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa, da allon zayyana, da wasiƙun sarakuna, da sulke da lifidi da jalala, da aikin dukawa da maƙera da marina. Waɗannan kayan kakanninka ne da nawa, kuma suna bukatar yaron da ya yi makarantar allo, wanda zai iya karanta ajami ya gane warash, domin sau da yawa na ga an ajiye takarda a kife saboda wanda ya karɓe ta bai san samanta da ƙasanta ba. Ɗanka yana iya roƙon a sa shi a wannan sashe, kuma ban san shugaban da zai ƙi ba.

Maganar abinci kuwa ba zan yi maka daɗin baki ba. Guraben aikin gwamnati a fannin kaɗan ne, albashin kuma na ma'aikaci ne. Sai dai hannun da ya iya rajista da ɗaukar hoton kaya da gyaran tsohuwar takarda yana da wurin zuwa a ɗakunan karatu na jami'o'i, da cibiyoyi irin Gidan Arewa na Kaduna, da fadojin sarakuna masu son tsara kayan gadonsu. Bukatar kuma ƙaruwa take yi, tunda a 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan masarautar Benin fiye da 1,000 daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kuma duk abin da ya dawo gida sai an samu wanda ya san yadda ake riƙe shi. Abu ɗaya nake so ka ja masa kunne a kai: idan wani ya tare shi da maganar sayen tsohon kaya ko neman hoton abin da ke sito, ya kai rahoto nan take, domin doka ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izinin hukuma ba.

TAMBAYA: Malam, ana biyan alawus kuwa? Kuma yaya ake neman irin wannan gurbi a ƙasashen waje? Daga wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha, Bauchi.

AMSA: Ɗana, shirin SIWES na ITF ne, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wanda ya fara shi a 1973, kuma alawus ɗin shirin ta hannunsa yake fitowa, ba daga gidan tarihin ba. Kuɗin ba su da yawa, don haka ka yi lissafin mota da abinci da masauki daga aljihun gida tun kafin ka zaɓi gari. Ku 'yan difloma wata huɗu ne naku. Ka karɓi takardar gabatarwa daga ofishin SIWES na makarantarku, ka kai ta da ƙafarka wata biyu ko uku kafin lokaci, ka haɗa da 'yar wasiƙa mai faɗin sashen da kake so da dalilinka, domin wanda ya rubuta cewa yana son koyon adana kayan fata ya fi shiga rai a kan wanda ya rubuta cewa ko'ina aka sa shi ya gode. Littafin aikinka kuma ka cika shi kullum da abin da hannunka ya taɓa, da lambar kayan da zanensa, kada ka tara na wata guda ka zauna ka ƙirƙira a dare ɗaya.

Na waje kuwa, manyan gidaje irin Metropolitan na birnin New York a Amurka suna ɗaukar ɗalibai har su biya su, amma neman yana da gasa ƙwarai, ga batun biza, kuma shirin horarwa na Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan an yi shi ne don waɗanda suka riga suka fara aiki a fannin. Dukkansu abin da za su fara tambayarka shi ne me ka taɓa yi a gida, da kuma wa zai rubuta maka shaida. Saboda haka ka fara da sito mafi kusa da kai, kuma a makonka na ƙarshe ka roƙi wanda ya kula da kai ya rubuta maka takardar shaida mai ɗauke da adadin kayan da ka yi wa rajista da irinsu, ya sa hannu da hatimin ofis kafin ka bar garin.